Daga Ina Gudun Sabis Yake Fitowa a Wasan Tanis?

 Yau filin namu ya nufi wasan tanis, wato wasan nan da mutum biyu ko huɗu suke buga 'yar ƙaramar ƙwallo da raket, raga tana tsakaninsu. Ba duk wasan za mu ɗauko ba. Bugu ɗaya tak za mu duba, shi ne sabis, wanda da shi ake buɗe kowane maki. Ɗan wasa zai tsaya bayan layin ƙarshe, ya cilla ƙwallo sama da hannu ɗaya, sannan ya maka mata raket da ɗaya hannun daga can saman kansa.

Ka ji abin mamaki. A shekarar 2012, a birnin Busan na Koriya ta Kudu, na'ura ta auna sabis ɗin Sam Groth, ɗan ƙasar Ostareliya, ta nuna gudun kilomita 263 a awa ɗaya. A 2016 John Isner na Amurka ya buga mai kilomita 253. A ɓangaren mata, Sabine Lisicki ta Jamus ta buga mai kusan kilomita 211 a shekarar 2014. Motar da ke shara gudu a kan titi da kilomita 100, ka ga an ninka ta biyu har da ɗoriya. Tsawon filin gaba ɗaya kuwa mita 23.77 ne kawai, don haka kafin sakan ɗaya ya cika ƙwallo ta riga ta wuce wanda ke jiranta.

To, daga ina wannan gudu yake fitowa? Da yawa za su ce ai ƙwanji ne. Da haka ne, da masu ɗaga ƙarfe sun fi kowa iya sabis, alhali za ka ga siririn yaro ya fi ƙato zafin bugu. Amsar tana cikin wani motsi da ido ba ya saurin kamawa: ƙashin damtse yana juyawa a cikin gurbinsa na kafaɗa. In ka gane wannan juyi, ka gane sabis, kuma ka san yadda za ka kare kafaɗarka.

Mu fara sanin kayan aikin

Kafin mu yi nisa, mu daidaita sunaye. Daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu shi muke kira damtse, ƙashi ɗaya ne dogo a cikinsa. Daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu shi ne sangalin hannu, shi kuma ƙasusuwa biyu ne a jere. Kan ƙashin damtse mulmulalle ne, yana zaune a wani ɗan gurbi a jikin allon kafaɗa.

Wannan gurbi ba shi da zurfi. Mahaɗar cinya da ƙugu kamar taɓarya take a cikin turmi, ta shige sosai. Ta kafaɗa kuwa kamar a ɗora lemo ne a kan murfin kwalba. Shi ya sa duk jikin ɗan Adam babu gaɓar da ta kai kafaɗa sakewa, kuma shi ya sa take saurin samun rauni. Abin da ke riƙe lemon nan kada ya zame shi ne wasu ƙananan tsokoki guda huɗu da jijiyoyinsu, waɗanda suka taso daga allon kafaɗa suka rungume kan ƙashin damtse. Ka riƙe su a ranka, za mu dawo kansu.

Gani ya kori ji

Miƙe tsaye mu gwada. Za mu yi bayani da hannun dama. In kai bahago ne sai ka juya maganar.

Gwaji na farko. Ɗaga damtsenka gefe har ya yi daidai da kafaɗa. Lanƙwasa gwiwar hannu, yatsu su kalli sama, tafi ya kalli gaba, kamar mai ɗaga hannu a aji. Yanzu kada gwiwar hannunka ta gusa daga inda take. Tura sangalin hannu baya iya yadda zai tafi ba tare da zafi ba. Wannan shi ne juyin waje. Sai ka dawo da shi gaba, ka ci gaba har tafinka ya kalli ƙasa. Wannan shi ne juyin ciki. Sake yi, amma ka dafa damtsen da hannun hagu. Ka ji yana mirginawa a ƙarƙashin yatsunka? Gwiwar hannu tana nan, amma tafin hannu ya yi doguwar tafiya. Kamar ƙyauren ƙofa ne: madogararsa tana juyawa a wuri ɗaya, bakin ƙyauren ne ke share fili.

Gwaji na biyu. Manna gwiwar hannu a haƙarƙarinka, buɗe tafi sama kamar za a zuba maka gyaɗa. Sai ka kife shi kamar ka zubar. Wannan ba aikin kafaɗa ba ne. Ƙasusuwan nan biyu na sangalin hannu ne, ɗaya ya haye kan ɗaya. Mu kira shi kifin tafi.

Gwaji na uku, shi ne babba. Ari muciya ko ludayi a kicin, da izinin Mama. Miƙe hannunka sama, ka riƙe muciyar ta miƙe sambal a layi ɗaya da hannunka. Juya damtse ciki. Me ya faru? Kan muciyar yana juyawa ne a wuri ɗaya kamar maburgi a tukunyar miya, bai je ko'ina ba. Yanzu karkatar da muciyar ta yi kwana da sangalin hannunka, kanta ya nuna hagu. Sake juya damtsen. Ka ga yadda kanta ya zabura gaba? Ɗan juyi kaɗan a kafaɗa, amma kan muciya ya ci nisa mai yawa. Haka raket yake yi. Lokacin da ƙwararre yake dab da taɓa ƙwallo, hannunsa ya kusa miƙewa, amma raket ɗin yana da kwana da sangalin hannu. Wannan kwana ita ke mai da juyin damtse ya zama gudu.

Abin da masana suka auna

A shekarar 1995, Farfesa Bruce Elliott na Jami'ar Yammacin Ostareliya da abokan aikinsa sun ɗauki hoton 'yan wasa da kyamarori masu saurin ɗauka, suka lissafa gudummawar kowace gaɓa ga gudun kan raket a daidai lokacin da ya taɓa ƙwallo. Juyin ciki na damtse ya ba da kusan kashi 54 cikin ɗari, wato fiye da rabi. Lanƙwasar wuyan hannu ta zo ta biyu da kusan kashi 31. Kifin tafi kuwa kusan kashi 5 kacal ya ba da.

Kada ka raina kifin tafi don ka ga kasonsa kaɗan ne. Aikinsa daban ne. Shi ke daidaita fuskar raket ta kalli ƙwallo ta kusurwar da ake so. Damtse ya kawo gudu, sangali ya kawo saiti.

Bayan haka, a wasannin Olamfik na shekarar 2000 a birnin Sidni, wasu masana sun auna sabis ɗin manyan 'yan wasan duniya. Ka tuna cikakken zagaye digiri 360 ne. A gwajinmu na farko, in sangali ya nuna gaba sosai sifili ke nan, in yatsu sun kalli sama digiri 90, in da zai kwanta ya nuna baya sosai 180. Mafi yawanmu in mun wuce 90 da kaɗan sai mu ji hannu ya ƙi. Su waɗannan 'yan wasa an samu suna kaiwa wajen digiri 172, domin gadon baya da allon kafaɗa suna ba da nasu taimakon. Daga nan kuma damtsen maza ya dawo ciki da saurin da ya kai digiri 2,420 a sakan ɗaya, na mata 1,370. Raba 2,420 da 360 ka gani. Da saurin zai ɗore, da damtse ya yi kusan zagaye bakwai a sakan guda. Amma ba ya ɗorewa, ƙiftawar ido ma ta fi shi daɗewa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Kada ka ɗauka kafaɗa ita kaɗai take haifar da wannan ƙarfi. Dakta Ben Kibler, likitan ƙashi a jihar Kentucky ta Amurka, ya ƙiyasta cewa kusan rabin ƙarfin sabis daga ƙafafu da ƙugu da gangar jiki yake tasowa. Za ka ce, to yaya haka, ba yanzu aka ce damtse ne ke ba da fiye da rabi ba? Babu saɓani. Ɗaya yana maganar inda ƙarfi ya taso, ɗaya yana maganar ƙofar da ya fita. Ƙafafu da ƙugu su ne tankin ruwa, juyin damtse shi ne bakin famfo. In tanki ba ruwa, ko ka murɗa famfo har ya karye ba abin da zai zubo.

Ga yadda abin yake bi daki-daki.

Na ɗaya, ɗan wasa ya tsaya a karkace, kafaɗar hagu tana kallon raga. Ya cilla ƙwallo, ya lanƙwasa gwiwoyin ƙafa, ya murɗa ƙugu da kafaɗu baya. Hannun hagu yana nuna sama, kafaɗar hagu ta fi ta dama tsawo, kan raket yana kallon sama.

Na biyu, ƙafafu su tunkuɗi ƙasa, jiki ya tashi. A nan wani abu mai ban sha'awa yake faruwa. Jiki yana hawa sama, amma raket mai nauyin wajen giram 300 bai shirya tafiya ba, sai kansa ya faɗa baya ya rataya a gadon baya. Ka san yadda kanka yake komawa baya in mota ta fizga ba zato? Haka ne. Ba ɗan wasan ne ya kai raket bayansa da gangan ba, jikinsa ne ya tafi ya bar shi. Wannan faɗawa ita ke murɗa damtse waje har wajen digiri 172 ɗin nan, manyan tsokokin ƙirji da na gefen baya su miƙe kamar an ja danƙo.

Na uku, gangar jiki ta juyo, kafaɗar hagu ta sauka, ta dama ta haye samanta. Gwiwar hannu ce ke gaba, raket yana biye.

Na huɗu, gwiwar hannu ta miƙe, raket ya taso da gefensa, kai ka ce gatari ne za a raba ƙwallon gida biyu.

Na biyar, a ƙarshen ƙarshe, danƙon nan ya saki. Damtse ya juyo ciki, tafi ya kife, wuyan hannu ya lanƙwasa, fuskar raket ta buɗe ta gamu da ƙwallo. Gamuwar ba ta wuce kamar kashi 5 cikin dubu na sakan ba.

Na shida, juyin ba ya tsayawa nan take. In ka duba hoton Pete Sampras, Ba'amurken da ya ci gasar Wimbledon sau bakwai, bayan ya taɓa ƙwallo za ka ga gwiwar hannunsa tana sama, kan raket ya nuna ƙasa, fuskar da ta bugi ƙwallon ta juya waje zuwa dama. Sai daga baya hannun ya sauko ta gefen hagu. Wannan ce shaidar cewa damtse ya gama juyinsa.

Ka lura kowace gaɓa tana jiran wadda ke ƙasa da ita ta gama, sannan ta karɓa ta miƙa gaba. Haka bulala take: mariƙinta a hankali yake tafiya, amma bakinta ne ke ƙara.

Kurakurai huɗu da ke kashe juyi

Na farko, riƙo. Mai koyo yakan riƙe raket kamar yadda ake riƙe matankaɗi, fuskarsa tana kallon raga tun daga farko. Da wannan riƙo ƙwallo za ta shiga, amma turawa kawai kake yi, damtse ba shi da wurin juyawa. Riƙon sabis shi ne riƙon guduma: ka ɗauka za ka buga ƙusa da gefen raket. Makonnin farko ƙwallo za ta yi ta kauce maka zuwa hagu. Kada ka karaya, alama ce hannunka bai koyi kifewa ba tukuna.

Na biyu, buɗe tafi sama a bayan kai kamar mai talla ya ɗaga faranti. In fuskar raket ta kalli sama tun da wuri, an ɓarar da juyin kafin lokacinsa.

Na uku, matse raket da ƙarfi. Tsokar da ta ƙage ba ta miƙewa, danƙon da bai miƙe ba kuwa ba ya harbi. Riƙe shi kamar ɗan tsako: kada ya kuɓuce, kada kuma ka murƙushe shi.

Na huɗu, ƙoƙarin karya wuyan hannu da gangan don neman gudu. Wuyan hannu yana da kasonsa, mun gani, amma yana bayarwa ne in an bar shi a sake, ƙarfi ya biyo ta cikinsa daga damtse.

Abin da kafaɗa take biya

Duk motar da ke da gudu tana bukatar birki. Manyan tsokokin gaba ne ke harba damtse ciki, amma masu tsayar da shi su ne ƙananan tsokokin bayan kafaɗa, daga cikin huɗun nan da muka ambata. Injin babba, birki ƙarami. Kuma ba sau ɗaya ake takawa ba. A wasan da John Isner da Nicolas Mahut na Faransa suka yi a Wimbledon a 2010, wanda ya ci awa 11 da minti 5 cikin kwana uku, Isner shi kaɗai ya buga sabis 113 da abokin karawarsa ko taɓawa bai yi ba, ban da sauran ɗaruruwan da aka mayar masa. Maria Sharapova ta Rasha, tana cikin ganiyarta, sai da aka yi mata aikin tiyata a kafaɗar dama a 2008, ta shafe watanni ba ta shiga gasa ba.

Akwai wani awo daga Sidni da ya kamata ka sani. A lokacin taɓa ƙwallo, tsakanin damtse da gefen jiki digiri 100 ne da 'yan kai, wato damtse ya ɗara layin kafaɗu da kaɗan kawai. In ka ga hannun ƙwararre ya miƙe sama, gangar jikinsa ce ta karkata, ba damtse ne ya manne da kunne ba. Wanda ya tsaya ƙiƙam ya ɗaga damtse har kunne yana matse jijiyoyin kafaɗa a ƙarƙashin ƙashin da ya yi musu rumfa. Yau da gobe, sai ciwo.

Haka nan wanda ba ya amfani da ƙafafunsa. In tanki bai kawo ruwa ba, sai mutum ya nemi cike giɓin da kafaɗa, ita kuwa ba a yi ta don ɗaukar wannan kaya ita kaɗai ba.

Saƙo ga iyaye

Baba da Mama, ƙashin yaro bai gama ƙosawa ba. Kusa da kan ƙashin damtse akwai wani wuri mai taushi inda ƙashin ke ƙara tsawo, ba ya rufewa sai yaro ya tasa sosai. Yawan bugu ko jifa daga saman kai, kullum ba hutu, yana iya yi wa wurin lahani. Shi ya sa ake yin gajeren raket mara nauyi domin yara, da ƙwallo mai laushi mai alamar ja ko ruwan lemo ko kore. Tun shekarar 2012 hukumar tanis ta duniya ta sa doka cewa da irin waɗannan ƙwallaye za a riƙa yin gasar 'yan shekara 10 zuwa ƙasa. Kada a ba ɗan shekara takwas raket ɗin babba a ce zai girma ya same shi.

In yaro ya ce kafaɗarsa na ciwo lokacin bugu, ko ciwon ya hana shi kwanciya a kan gefen, ko ya kasa ɗaga hannu ya sa riga, a dakatar da wasan. In ya kwana biyu bai sauka ba, a kai shi asibiti. Gajiyar tsoka daban, ciwon gaɓa daban, kuma ba jarumta ba ce a daure a ci gaba.

In babu fili a unguwarku fa?

Ba komai. Wannan juyi ba na tanis kaɗai ba ne. Shi ne a jifan mashi, shi ne a dukan ƙwallon raga daga sama, shi ne a badminton. Duk yaron da ya iya jifa mai nisa ya riga ya san rabin sabis, bai dai san sunansa ba.

Ga atisaye guda biyu. Da farko ka ɗumama jiki da ɗan gudu da juya kafaɗu na minti biyar. Sannan ka sami fili inda ba mutane ba tagogi, ka tsaya a karkace, ka jefa tsohuwar ƙwallo sama-sama, kamar kana so ta tsallake doguwar bishiya. Bayan ta fita, tsaya ka dubi hannunka. In tafi ya juya waje, babban yatsa ya nuna ƙasa, to damtse ya yi aikinsa.

Na biyu, saka ƙwallo ɗaya ko biyu a cikin doguwar safa, ka riƙe bakinta, ka yi motsin sabis da ita a hankali. In motsinka ya tafi bai ɗaya, safar za ta kasance a miƙe tun daga farko har ƙarshe. In ka tsaya a tsakiya ko ka fizga, sai ta saki ta bugi bayanka. Safa ba ta ƙarya. Yi sau goma, ka huta, ka sake goma. Ya isa na rana ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa, gudu kuma zai zo da kansa ranar da gaɓoɓin suka koyi jiran juna.

Aikin gida

1. Nuna wa wani a gidanku bambancin juyin ciki na damtse da kifin tafi.
2. Me ya sa muciyar da ta miƙe sambal da hannu ba ta zabura gaba in an juya damtse?
3. In damtsen 'yar wasa yana juyawa digiri 1,370 a sakan ɗaya, zagaye nawa ke nan?

A kawo amsa ga malamin aji. Kuma kada a manta a mayar wa Mama muciyarta. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.